Idan Mai Ciwon Karkarwa Ya Rikice Dare Ɗaya, A Kai Shi Asibiti

Muhammad Ali, gwarzon ɗan damben Amurka, ya yi fiye da shekara 30 yana fama da ciwon karkarwa da likitoci ke kira Fakinson. Da ajali ya zo a watan Yunin 2016, an kwantar da shi ne saboda matsalar numfashi, sannan ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa. Allah ya jiƙansa. Akwai darasi a nan ga duk mai jinyar irin wannan mara lafiya a zangunanmu.

Fakinson tafiyar hawainiya yake yi. Sinadarin dofamin na raguwa a ƙwaƙwalwa, hannu ya riƙa rawa, jiki ya riƙa sandarewa, a hankali cikin shekaru. To, idan jiya Baba ya ci tuwonsa har ya je masallaci, yau kuma ya kasa tashi, yana sambatu, yana ganin abin da babu, galibi wata cuta ce ta shigo: ciwon mafitsara, ko namoniya, ko zazzaɓin cizon sauro. Namoniya kan same su domin haɗiya na yi musu wuya, sai koko ko yawu ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Kuma tsoho na iya kamuwa jikinsa bai yi zafi ba.

A nan gidaje da yawa ke ɓata lokaci. A ce iska ce, a ce sammu ne, a kwana uku ana hayaƙi. Ni a ganina, addu'a ba ta hana neman magani. A yi ta ana kan hanyar asibiti.

Kada kuma a dakatar masa da Levodopa don ya kwanta. Yanke shi farat ɗaya na iya jawo zazzaɓi mai zafi da sandarewar da kan yi kisa. Idan ya kasa haɗiye ƙwayar, wannan kaɗai ya isa dalilin garzayawa. Ku tafi da kwalin maganin da lokutan shansa, ku gaya wa likita yana da Fakinson, domin maganin amai irin Metoclopramide, da Haloperidol da ake ba wanda ya rikice, tsananta ciwon suke yi.

A gida kuwa, a zaunar da shi sosai in zai ci abinci, a ba shi isasshen ruwa, ya kwana cikin gidan sauro. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.