Kafin ka sayar da hatsinka ka zuba a gini: ina za ka samu kayan da ba za su ci amanarka ba?

Ɗan'uwa manomi, da zarar an gama girbi, ruwa ya ɗauke, hankalin yawancinmu kan koma kan gini. Wani zai ƙara ɗaki saboda ɗansa zai yi aure, wani zai tayar da katangar da damina ta kayar, wani kuma so yake ya cire bunu ya sa kwano, ko ya gina sito na ajiyar amfanin gona. Kuɗin duk daga wuri ɗaya suke fitowa: buhunan da ka sha rana da ruwa kafin ka same su. Shi ya sa maganar inda za ka sayi kayan gini ta shafi wannan shafi namu kamar yadda maganar taki da iri ta shafe shi.

Me ya faru da farashi?

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Banki ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake canzawa ƙasa da Naira 500 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Kayan gini na cikin abubuwan da suka fi jin wannan a jika, domin ko dai daga waje ake shigo da su, kamar yawancin makullai da tayil da kayan famfo, ko kuma ana yin su a gida amma da injina da makamashi masu bin farashin Dala, sannan a ɗauko su a tirela mai shan dizal.

Siminti ya isa misali. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukkan kasuwar Najeriya: Dangote mai masana'antu a Obajana da Gboko da Ibese, da BUA mai na Kalambaina a Sakkwato da Okpella a Edo, sai Lafarge wanda na Ashaka a jihar Gombe ke ƙarƙashinsa. A watan Oktoba na 2023 BUA ya sanar da cewa zai riƙa sayar da buhu a kan Naira 3,500 daga bakin masana'anta, amma mai saye a ƙauye bai ga wannan farashi ba. A farkon 2024 buhu ya wuce Naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin a watan Fabrairu aka ce an daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000. Darasin a nan shi ne, farashin da ka ji a rediyo daban, wanda za ka tarar a shago daban. Tsakaninsu akwai kuɗin mota, da ribar dila, da ta ɗan kiri.

A ɗaya ɓangaren kuma, hatsinka ya yi ƙasa. Bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama ba haraji a tsakiyar 2024, farashin hatsi ya faɗi sosai a 2025, alhali taki bai sauko ba, siminti ma haka. Ke nan buhun masararka ba ya sayen simintin da yake saye a da. Idan za ka yi lissafin gini, kada ka tsaya ga Naira kawai. Tambayi kanka: buhu nawa na masara ko dawa wannan ɗaki zai ci? Idan amsar za ta taɓa abincin gida ko kuɗin takin baɗi, to rage girman aikin tun kafin a haƙa tushe.

Idan kaya suka yi tsada, algus kan yi yawa

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tsada ba aljihu kaɗai take taɓawa ba, har da ingancin kayan. Mai saye na neman sauƙi, mai sayarwa na tsoron a guje shi, sai a haɗu a tsakiya: a rage kaurin rodi, a rage kaurin kwano, a ƙara yashi a bulo. Ido ba ya ganin wannan ranar ciniki. Sai bayan damina biyu ko uku bango ya tsage, ko iskar farkon damina ta naɗe rufi kamar tabarma. Ba mu manta da ginin makarantar da ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos ranar 12 ga Yuli, 2024 ba, inda mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Ɗakinka ba bene ba ne, amma iyalinka ne za su kwana a ciki.

Saboda haka wurin saye na ƙwarai shi ne wanda zai yarda ka auna, ka gwada, ya ba ka rasit, ya kuma karɓi kayansa idan suka saɓa, ko da ba shi ya fi kowa araha ba. Duk wanda ya ɓata rai don ka fito da sikeli ko tef, ya riga ya ba ka amsa.

Siminti

Buhun siminti kilo 50 ne. Kana da sikelin da kake auna hatsi, to ɗora buhu biyu ko uku daga cikin waɗanda za a loda maka, domin akwai masu farke buhu su ɗiba su sake ɗinkewa. Duba bakin buhun ko ɗinkin kamfani ne. Danna shi da hannu: in ka ji dunƙule-dunƙule masu tauri da ba sa murƙushewa, ya sha danshi. Duba lambar da ke jiki, 32.5 ko 42.5. Na biyun ya fi ƙarfi, shi ya fi dacewa da ginshiƙi da linta da dakin.

Kada ka sayi siminti ka jibge wai kana gudun tashin farashi. Ba gero ba ne. Bayan kamar wata uku ƙarfinsa kan fara raguwa, musamman in damina ta same shi. In dole ka ajiye na ɗan lokaci, ɗora shi a kan katako, nesa da bango, kada ka jera fiye da buhu goma a tsaye.

In kuna da ƙungiyar manoma, ga wata dama. Tirela ɗaya kan ɗauki buhu 600. Mutum goma ko goma sha biyar masu niyyar gini a rani ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya kai tsaye daga babban dila, kamar yadda ake yi wa taki, a tsallake ribar ɗan kiri. Amma fa biya da lodi su zama rana ɗaya. Ajiye kuɗi wurin mai shago da alkawarin "duk ranar da ka tashi ka zo ka ɗauka" ya raba zumunci da yawa, domin in farashi ya tashi sai a fara sabon lissafi. In ba makawa, a rubuta adadin buhuna, ba adadin kuɗi ba, a sa hannu gaban shaidu.

Rodi

A nan aka fi cutar mutane, kuma a nan ne gane gaskiya ya fi sauƙi. Cikakken rodi tsawonsa mita 12 ne. Mai kaurin milimita 10 nauyinsa kusan kilo 7.4 ne, mai 12 kusan kilo 10.7, mai 16 kuma kusan kilo 19. Wato tan ɗaya na mai 12 bai kamata ya wuce sanda 93 zuwa 94 ba. In mai shago ya ce maka a wurinsa tan ɗaya ya haura ɗari da goma, kada ka ɗauka kyauta ya yi maka. Rodin ne bai cika ba. Auna tsawon, ɗora sanda ɗaya a sikeli, sannan ka sa a lanƙwasa bakinta ka gani. In ta tsage ko ta karye, bar ta a nan.

Manyan kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Dei-Dei a Abuja suna da amfani ɗaya babba: shaguna na jere, za ka iya taya wuri biyar cikin awa guda. Amma mai kyau da marar kyau duk suna nan a layi ɗaya. Kuma ka haɗa da kuɗin mota kafin ka ce birni ya fi garinku sauƙi.

Bulo da yashi

Masu buga bulo na kasuwa da yawa kan miƙa buhun siminti ɗaya ya fitar da bulo hamsin ko fiye. Magina masu tsoron Allah ba su cika wuce talatin na inci tara a buhu ba. Gwajin ba wuya: ɗaga bulon zuwa ƙugunka ka sake shi a ƙasa mai tauri, sannan ka kankare gefensa da ƙusa. In ya wargaje ko yana zuba kamar gari, ka san abin da ke ciki.

Ga manomi mai fili da rijiya, abin da ya fi shi ne ka sayi simintinka, ka kawo yashinka, ka kira mai bugawa ya yi a gabanka kana ƙirgawa. Sannan a yi ta ba bulon ruwa safe da yamma aƙalla mako guda. Siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da rana ba, kuma sai ya yi kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake lissafi da shi. Bulon da aka buga jiya da hunturu aka ɗora yau ba zai taɓa yin ƙwari ba.

Yashi kuma, zuba kaɗan a kwalba, cika da ruwa, girgiza ka ajiye. Yashin zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In lakar ta yi kauri, nemi wani. Kada kuma ka bari a kwashe maka yashi daga bakin rafin da ke jikin gonarka ko ta maƙwabcinka, domin zaizayar da za ta biyo baya ta fi kuɗin tifa.

Katako da kwano

Sayi katako busasshe. Ɗanye ya fi nauyi, kuma in ya bushe a kan rufi sai ya murɗe ya saki ƙusa. A kasuwannin 'yan katako irin na Na'ibawa da Rijiyar Lemo a Kano, zaɓi da hannunka ɗaya bayan ɗaya, ka auna, domin abin da ake kira "tu-bai-fo" ba kullum yake cika inci biyu da huɗu ba. A shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, ba bayan an buga ba.

Kwano kuwa bandir ɗaya falle ashirin ne, ƙirga su. Tambayi kaurinsa a rubuta a rasit. Mai laushi kamar gwangwanin madara ba ya jure iska, kuma ya fi saurin tsatsa a ɗakin dabbobi ko inda ake ajiye taki. Ka kuma tabbata kafinta ya ɗaure katakon rufin da jikin gini da waya ko ƙarfe, domin sau da yawa rufin gaba ɗaya iska ke ɗagawa.

Ƙofofi, waya da kayan famfo

In mai walda zai yi maka ƙofa ko taga, je ka gan ta kafin a shafa fenti, don fenti na rufe ɓaraka. Wayar wuta kuma akwai wadda alminiyom ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ba tagulla ba ce, kuma irinta ce ke zafi ta jawo gobara. Ƙa'idar da masu wayarin suka sani ita ce milimita 1.5 don fitilu, 2.5 don soket. Duba tambarin hukumar SON a jikin kaya, amma kada ka dogara da shi kaɗai, shi ma ana kwaikwayonsa. Ƙofofi da tagogi na hannu da ake cirowa daga tsofaffin gine-gine sau da yawa sun fi sababbi masu araha kauri, kuma kana ganin abin da ka saya.

Kada ka raina abin da ke ƙarƙashin ƙafarka

Ba dole ba ne komai ya zama siminti. Ganuwar Kano da gidajen sarakunanmu da ƙasa aka gina su. Tubalin da aka cuɗa da kyau, da azarar giginya wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, da makuba ta ɓawon ɗorawa don shafe, duk suna nan, kuma ɗakin ƙasa ya fi sanyi ga mutum da hatsi lokacin bazara. Abin da ke kayar da ginin ƙasa ruwa ne, daga ƙasa da daga sama. Don haka zuba kuɗinka a wurare biyu: tushe na dutse ko bulo da siminti wanda ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, da rufi mai baki da ya fito sosai ya kare bango. Tsakiyar kuwa ƙasar gonarka ta isa.

Wa zai je kasuwa?

Maginin ƙwarai ya fi ka sanin kaya, ka tafi da shi. Amma kada ka damƙa masa kuɗi ka koma gona. Sananne ne wasu masu shaguna na ba magina la'ada a kan duk wanda suka kawo, kuma daga aljihunka take fitowa. Ka sa ya rubuta maka jerin kayan da adadinsu, ka nuna wa wani magini daban, ka taya a shago uku, ka biya da hannunka. Hanya mafi sauƙi ta gane mai kaya na gari ita ce ka je ka ga gidan da aka gina da kayansa shekara biyar da suka wuce, ka tambayi mai gidan. Gani ya kori ji.

Ta fuskar lokaci kuma, hatsi ya fi araha da kaka, daidai lokacin da kowa ke rububin kayan gini. Sayar da kaɗan-kaɗan gwargwadon matakin aikin. Fara da abin da ba ya lalacewa, kamar rodi da kwano da tsakuwa, ka bar siminti sai makon da za a yi amfani da shi. In kuɗin ba za su kai rufi kafin ruwan farko ba, gara ka kammala ɗaki ɗaya ka shiga da ka bar uku a buɗe damina ta jiƙa su.

Hausawa sun ce sayen na gari, mayar da kuɗi gida. Allah ya sa albarka a abin da aka noma, ya kuma ba mu ikon gamawa lafiya.