Darasin tattalin arziki: ina rabon ɗan Sassumbrum?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Sassumbrum ya san kuɗi iri biyu ke yawo a hannun jama'a, sefa da naira. Manomi ya kawo wake ko gyaɗa, a yi masa ciniki da naira, alhali haraji da kuɗin magani da sefa zai biya su. A tsakanin kuɗin nan biyu ribar damina take zurarewa, mai ita bai san ta inda ta bi ba.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, sai ƙarshen 2020 ta buɗe. A 2023 ta janye tallafin man fetur, ta saki naira, naira ta faɗi; a shekarar kuma takunkumin CEDEAO ya sake toshe iyaka. Kowane karo talakan Magariya da Dungas ya ji a jikinsa, tun daga kuɗin mota har tiyar hatsi.

To, wa ke bayyana wa ɗansa dalili? Yaron da ya samu BEPC ya shiga lise, sashe uku ne a gabansa: A na adabi, C da D na lissafi da kimiyya. Tattalin arziki sai ɗan abin da ya tsinta cikin darasin labarin ƙasa. Mai son ilimin kasuwanci sai ya nemi sashen G, irin na lise Ɗan Kasawa ta Maraɗi, kuma ba kowane uba ke iya riƙe yaro a garin da ba shi da mai masauki ba.

Wasu manya na cewa Bahaushe ba a koya masa ciniki. Lalle ɗan canji na bakin iyaka ya fi ni saurin lissafi nesa ba kusa ba. Amma farashin yau ya sani. Bai san abin da ya sa sefa take ɗaure da yuro, naira kuwa take sake ba, balle ya hango na gobe.

Ra'ayina shi ne ma'aikatar ilimi ta ware awa biyu a mako a kowace lise, ta ɗauki malamai cikin matasan da suka karanci fannin a jami'o'in Yamai da Tawa. A fara da misalin gida: manomin da ya ci bashin buhu ɗaya da damina, ya biya biyu da kaka, ruwan nawa ya biya? Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. In an ba mu darussan, mu masu fassara za mu juya su, don uban da ya yi yaƙi da jahilci ya karanta tare da ɗansa.