Raddi ga Masu Ɗaukar Rahoton Na'urar Zuciya a Matsayin Hukunci

Akwai ra'ayin da ke cewa duk lokacin da na'urar daidaita bugun zuciya, wadda ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta rubuta cewa ɗakunan sama na zuciya sun yi gudu fiye da kima, to an tabbatar da cutar karkarwar ɗakunan sama ke nan, saura kawai a ɗora mutum a kan maganin tsinka jini. Karkarwar nan ita ce yanayin da ɗakunan biyu ke rawa babu tsari maimakon su matse su tura jini, har jinin ya kwanta ya yi guda, gudan kuma ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Tsoron da ya haifi ra'ayin yana da tushe, sai dai hujjojinsa ba su kai inda ake son kai su ba.

Hujjarsu ta farko ita ce wayar na'urar tana zaune cikin zuciyar dare da rana, don haka babu ta inda za ta yi kuskure. Sai a ce musu na'urar ba ta ganin zuciya, alamun lantarki take ƙirgawa, kuma duk abin da ya yi kama da bugu tana iya saka shi cikin lissafi. Wayar da ke ɗakin sama takan jiyo ƙaƙƙarfan bugun ɗakin ƙasa daga nesa ta ɗauka na wurinta ne, lissafi ya ninka alhali zuciya na tafiya daidai. Haka nan tsagewar waya kan haifar da tartsatsin da ake ƙirgawa kamar bugu. Mafi ɓuya daga cikinsu shi ne idan na'urar ta tayar da ɗakin ƙasa, saƙon ya koma baya ya motsa na sama, na'urar ta ƙirga shi, sannan ta aika nata saƙon a lokacin da tsokar ba ta shirya amsawa ba, ta sake ƙirga wannan ma, abin ya riƙa maimaituwa. A 2012 Elizabeth Kaufman da abokan aikinta sun bi rahotannin na'ura 5,769 na wani bincike mai suna ASSERT ɗaya bayan ɗaya, suka tarar cewa a ma'aunin bugu fiye da 190 a minti na tsawon sama da minti 6, kashi 17.3 cikin ɗari ƙarya ne, kuma wannan maimaituwar ce ta fi haddasa su. Da aka tsawaita ma'aunin zuwa minti 30 kuskuren ya sauko zuwa kashi 6.8, a awa 6 ya koma 3.3, a awa 24 kuma 1.8. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2020 suka buƙaci likita ya duba zanen lantarkin da na'urar ta ajiye da idonsa.

Wasu kan juya maganar su ce shirun na'urar shaida ce ta lafiya, alhali igiyoyin karkarwa ƙanana ne ƙwarai, suna iya wucewa ba ta ji su ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. ASSERT, wanda Jeff Healey na Jami'ar McMaster a Kanada ya jagoranta, ya bibiyi mutum 2,580 masu shekara 65 zuwa sama da ke da hawan jini, ya nuna cewa waɗanda aka ga wannan gudun a zuciyarsu cikin wata uku na farko haɗarin shanyewar jikinsu ya ninka kusan sau biyu da rabi. Wannan gaskiya ne, amma da Isabelle Van Gelder ta rarrabe bayanan bisa tsawon lokaci a 2017, haɗarin bai fito fili ba sai ga waɗanda gudun ya wuce awa 24. Kafin nan, a 2014, an gano cewa cikin mutum 51 na wannan binciken da jininsu ya toshe a ƙwaƙwalwa ko wata gaɓa, 4 kawai aka ga gudun a kwana 30 da suka gabaci abin, wanda ke nuna sau da yawa gudun alama ce ta zuciyar da ta riga ta gaji.

Hujja ta uku ita ce rigakafi ya fi magani, ba a asarar komai idan an ba da ƙwayar. Ana asara, domin maganin tsinka jini yana jawo zubar jini. An dakatar da binciken NOAH-AFNET 6 mai mutum 2,536 kafin wa'adinsa, saboda maganin tsinka jini na edoksaban ya ƙara zubar jini ba tare da amfani bayyananne ba. ARTESiA mai mutum 4,012, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2023, ya ba masu wancan ra'ayi rabin gaskiya: maganin tsinka jini na afiksaban ya rage shanyewar jiki da toshewar jijiya daga kashi 1.24 zuwa 0.78 a shekara idan aka kwatanta da asfirin, amma mummunar zubar jini ta tashi daga 0.94 zuwa 1.71. Auna waɗannan biyun ya dogara ga shekarun majiyyaci, da ko ya taɓa samun shanyewar jiki, da lafiyar ƙodarsa, da tarihin zubar jininsa, kuma babu ko ɗaya daga ciki da na'urar ke rubutawa.