Sashen Kimiyya: Yadda Furotin Ɗaya Ke Lanƙwasa Ƙwayar Jini

A wannan mako za mu leƙa cikin ƙwayar jini, mu ga abin da ke haddasa amosanin jini, cutar da ke wahalar da gidaje da yawa daga Damagaram har Tawa.

Jikin ɗan Adam yana da umarni a rubuce, wanda masana ke kira ƙwayoyin gado, kuma da su ake ƙera furotin, ma'aikatan da ke gudanar da aikin jiki. Ɗaya daga cikinsu, mai suna HBB, tana kan kuromozom na 11. Aikinta ƙera wani sashe na emogulobin, jan sinadarin nan da ke ɗaukar iskar oksijen daga huhu zuwa gaɓoɓi. Emogulobin sarƙoƙi huɗu ne a haɗe: alfa biyu, beta biyu. Kowace beta tana da tubali 146.

A jikin mai amosanin jini, tubali na 6 kaɗai ne ya sauya: gulutamat ya kauce, balin ya hau gurbinsa. Vernon Ingram ya fara gano wannan bambanci a Kambirij ta Ingila a 1956, bayan Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin emogulobin kansa. To, ina ruwan tubali guda cikin 146? Gulutamat yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudunsa yake. Da zarar emogulobin ya sauke oksijen, sai wani ɗan gurbi ya bayyana a jikinsa, balin na maƙwabcinsa ya shige ciki ya maƙale. Wannan ya riƙe wancan, wancan ya riƙe na gaba, har su zama dogayen igiyoyi masu tauri. Ƙwayar jini da take mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta cije a ƙananan jijiyoyi. Nan ne asalin ciwon ƙashi da ke hana yaro barci. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, wannan kuwa ba ta cika wuce 20 ba, shi ya sa jini ke ƙaranci.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jariri ba ya nuna alamun cutar sai ya doshi wata shida. Emogulobin na ɗan tayi yana da sarƙar gama a maimakon beta, kuma ba ya shiga cikin igiyar, hasali ma katse ta yake. Bayan haihuwa wani furotin, BCL11A, yake rufe ƙofar ƙera shi. Maganin idoroksiyure yana ƙara yawansa a jini, sannan a 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, wanda ke raunana BCL11A a ƙwayoyin ɓargo. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2,2, wato sama da sefa miliyar guda. Ko Alhazan Maraɗi sai sun yi shawara.

Abin da ke hannunmu shi ne awon jini kafin aure, wanda likitoci ke kira elektroforez. Mai AS lafiyarsa lau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa, ko da 'ya'ya ukun farko sun kuɓuta. A nemi takardar awon tun ba a kai goron tambaya ba.