Sharhi: Tsirrai da rage ƙiba: Ina gwajin ɓeraye ya tsaya?

A 'yan shekarun nan, masu bincike a jami'o'in Najeriya da na ƙasashen waje sun yawaita gwada ruwan da aka tato daga tsirrai irin su zogale da soborodo da citta a kan ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai maiƙo har suka yi ƙiba. Abin da ake yawan bayyanawa shi ne nauyin dabbobin ya ragu, kuma sinadaran da ke da alaƙa da ƙiba sun sauya a jininsu. Kafin a ankara, irin wannan sakamako ya koma talla a bakin masu sayar da shayin rage teɓa.

Dalilin wannan zumuɗi a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, wadda ke jawo ciwon sukari da hawan jini.

Ɗaya daga cikin sinadaran da ake aunawa a waɗannan gwaje-gwaje shi ne leftin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Jeffrey Friedman da abokan aikinsa ne suka gano shi a 1994 a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka, kuma a jikin ɓeraye suka gano shi. Ɓerayen da aka haifa ba tare da sinadarin ba sun rame da aka yi musu allurarsa, har aka ɗauka an sami maganin ƙiba. Da aka gwada a kan mutane, sai murna ta koma ciki: mafi yawan masu ƙiba leftin ya yi yawa ne a jininsu, ƙwaƙwalwarsu ce ta daina jin saƙonsa.

A nan gizo ke saƙar. Yawan leftin yana bin yawan kitse ne. Idan ɓera ya rage cin abinci saboda ɗacin abin da aka ba shi, ko don ya ɓata masa ciki, zai rame, leftin kuma ya sauka. Saukarsa kaɗai ba hujja ba ce cewa tsiron ya gyara wani abu. Ga kuma batun adadi: abin da ake ba ɓera tataccen ruwa ne da aka auna daidai da nauyinsa na 'yan makonni, wanda ya sha bamban da kofin zoɓo mai sukari.

Haɗarin gaggawa ba zato ba ne. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda bayan shan haɗin tsirrai na rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro mai guba bisa kuskure. Da yawansu sai da aka yi musu wankin ƙoda ko dashe.

Wannan bai rage darajar binciken ba, domin asalin metformin, maganin ciwon sukari, yana komawa ne ga wani tsiro na Turai. Abin da ya yi ƙaranci a Najeriya shi ne mataki na gaba, wato gwaji a kan mutane, mai tsada da cin lokaci. Lambar da hukumar NAFDAC ke ba yawancin magungunan gargajiya tana nuna an duba rashin cutarwarsu ne, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.