Raddi ga Masu Kiran Hifnosis Tsafi

Akwai masu cewa, a majalisun hira na Kafanchan da kewaye, wai likitan da ke sassauta ciwo da magana, wato hifnosis, boka ne cikin farar riga. Hujjojinsu uku ne, kuma kowace tana da amsa.

Na farko, sun ce wani ƙarfi ke fita daga jikin mai yin ya shiga majiyyaci. Wannan da'awar Franz Mesmer ce, an kuma gwada ta tun 1784, lokacin da Sarki Louis na 16 ya kafa kwamiti a Faris, ciki har da Benjamin Franklin da Lavoisier. Suka ɗaure wa mutane ido. Wanda aka ce ana yi masa alhali ba a yi, sai jikinsa ya amsa. Wanda aka yi wa bai sani ba, ko gezau. Ashe abin daga majiyyacin yake tasowa. James Braid, likita a Manchester, ya bi wannan hanya daga 1841, har ya nuna cewa tattara hankali ne wuri guda, yadda shawara za ta shiga cikin sauƙi.

Na biyu, sun kawo labarin ɗan damfarar tasha da ke dafa kafaɗar mutum ya miƙa masa kuɗinsa. Jarin ɗan damfara tsoro ne da kwaɗayi da abokan haɗin baki. Aikin likita kuwa ba ya yiwuwa sai da yardar majiyyaci, wanda ke jin duk abin da ake faɗa, kuma in ya ga dama ya buɗe ido ya tashi. Wasu ma ba ya kama su sam.

Na uku, sun ce in ba tsafi ba ne, to yaudara ce. Amma ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da hifnosis a 1955. A 1984 Peter Whorwell ya nuna amfaninsa ga masu murɗawar hanji mai naci, kuma tun 2008 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi cikin abin da za a gwada idan magani ya gaza tsawon shekara. Dalili a fili yake: ƙwaƙwalwa ce ke auna zafin ciwo. Manomin citta a Kachia kan yanke da fartanya, bai ji raɗaɗi ba sai ya tashi aiki.

Da sun yi gargaɗi a inda ya dace, da mun mara musu baya. Hifnosis ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Ba a kuma dogara da shi wajen tono abin da aka manta, domin yakan sa mutum ya rantse a kan abin da bai faru ba. Wanda ya tsira daga hari a Kaura ko Zangon Kataf, barci ya gagare shi, ya fara da babban asibitin Kafanchan ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa. Duk wanda ya ce zai yi masa hifnosis, a nemi lasisinsa kafin a zauna gabansa.