Wai Tatsuniya Ce?

Akwai wani littafi na Turanci mai suna The Forever War, watau Yaƙin Har Abada, wanda Joe Haldeman, mutumin Amurka, ya wallafa a 1974. Waɗansu masu ilmi sukan yi masa kallon hadarin kaji, su ce tatsuniya ce, don a cikinsa sojoji kan shiga kumbo su tafi yaƙi da waɗansu halittu na taurari masu nisa. Ni kuwa na ce masu faɗin haka leƙa littafin suka yi, ba su karanta ba.

Mawallafin nan soja ne, an kai shi yaƙin Biyetnam, aka yi masa rauni a 1968. Dubi abin da ya sami jaruminsa, Mandella. Saboda tsananin gudun kumbo, shi a ganinsa shekara 2 ya yi, amma da ya komo duniya sai ya tarar an yi fiye da shekara 20. Zamani ya sāke, ya zama baƙo a garinsu, har ya gwammace ya koma soja. Aka yi shekara 1143 ana gwabzawa, kāna aka gane ashe yaƙin ba gaira ba dalili.

To, jama'a, ina tatsuniya a nan? Sojojinmu da suka komo daga Bama bayan 1945 sun ɗanɗana wannan baƙunci. Wanda ya rena littafin nan, tsohon soja ya rena. Allah ya sa mu gane.